Na bi masu sayar da tsofaffin sulalla zuwa ƙananan kasuwanni: abin da na tarar

Kakata ce ta jawo mini wannan jaraba. Ranar da zan taho Ingila karatu ta kwance bakin zaninta, ta ciro anini guda mai huda a tsakiya, ta danƙa mini ta ce, "Ungo maigida, ga guzurinka, kada ka je ka ce matarka ba ta sallame ka ba." Aka yi dariya, na jefa shi a aljihun jaka na manta. Sai da na shekara biyu a Birmingham, wata rana ina kakkaɓe jakar, ya faɗo. Na lura da wani ɗan mitsitsin harafin H a jikinsa, na bincika, ashe a nan garin aka buga shi, a masana'antar Heaton. Wato anini ya je Katsina ya sha yawo, ya dawo gida a jakata. Daga ranar na shiga tara kuɗin zamanin Turawa: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka.

A lokacin kasuwa ɗaya kowa ya sani, eBay, shafin gwanjo da saye da sayarwa na intanet. Nan na sayi yawancin abin da nake da shi, kuma kusan rabi daga hannun wani dattijon Bature da ban taɓa gani ido da ido ba. Yakan naɗe kowane kwabo a ƴar takarda, ya rubuta shekara da harafin masana'anta da fensir, H ko KN, ya manne a jikin kwali. Shi ya fara sayar mini da kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a watan Disambar shekarar. A Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma a Afirka ta Yamma kakanninmu sun sayi ƙosai da shi.

Sai ga 2008. A ƙarshen watan Janairu eBay ta sanar da sababbin dokoki, daidai lokacin da John Donahoe ke shirin karɓar shugabancin kamfanin daga hannun Meg Whitman. An rage kuɗin baje kaya, amma la'adar da ake cira bayan ciniki ya faɗa ta tashi: a shafin Amurka, daga kashi 5.25 zuwa kashi 8.75 cikin ɗari a kan dala 25 ta farko. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet wanda a lokacin mallakin eBay ne, ya samu damar riƙe kuɗin wasu cinikayya har kwana 21. Abin da ya fi ƙona wa ƴan kasuwa rai shi ne na uku: daga watan Mayu mai kaya ba zai ƙara iya yi wa mai saye mummunar shaida a shafin bayan ciniki ba, amma shi mai saye yana iya yi masa. Masu kaya suka kira ƙauracewa ta mako guda, daga 18 zuwa 25 ga Fabrairu.

Ni mai saye ne a lokacin, dokar ba ta taɓa ni ba, kuma da farko na ɗauka ƙorafin ƴan kasuwa ne da ba ya ƙarewa. Dattijon nan ne ya wayar mini da kai a ƴar wasiƙar da ya saƙa cikin ambulan na ƙarshe kafin ya rufe shagonsa. Ya ce sana'ar sulalla ba kamar ta takalma ba ce. Kwabo biyu masu shekara ɗaya, ɗaya ya sha hannu ɗaya bai sha ba, farashinsu na iya bambanta ninki goma. Mai saye marar tsoron Allah zai karɓi mai kyaun, ya ce bai yi masa ba, ya mayar maka da gogaggen, kuma ba ka da bakin gargaɗin sauran ƴan kasuwa a kansa. Ga shi ribar ƙananan sulalla ba ta taka kara ta karya ba, la'ada na ƙaruwa sai ta cinye ta. Ya rubuta mini adireshin sabon wurin da ya koma.

Ƙauracewar ba ta sa an janye dokar ba, wannan kowa ya gani. Amma ta sa irina mun san cewa akwai wasu ƙofofi, kuma a shekarun da suka biyo baya na shiga kusan dukkansu.

Wurin da dattijon ya koma wani ƙaramin shafin gwanjo ne, ba zan kama sunansa ba domin abin da zan faɗa ba yabo ba ne. La'adarsu kaɗan ce ƙwarai, baje kaya kyauta, masu kaya sai murna suke kamar an sake su daga kurkuku. Matsalar ɗaya ce: duk wanda ka gani a ciki kaya ya kawo. Kasuwa ce ta dillalai zalla, kowa na zaune a rumfarsa yana kallon na kusa da shi. Na gwada da kaina, na baje sulalla ashirin da nake da biyu-biyunsu. Wata uku cur, biyu suka fita, kuma ɗaya daga cikin masu sayen ya ce saƙo bai iso ba, na mayar masa da kuɗinsa don ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

A nan ne kuma na sha ta farko. Na ga fatakar azurfa ta 1913 a farashin da ya kamata ya sa ni tsarguwa, amma kwaɗayi ya rufe mini ido. Da ta iso na ɗora ta a ƙaramin sikelin da nake auna su, ya nuna giram tara da ɗoriya, alhali ta gaskiya giram 11.3 take. Na sake ta a kan tebur, maimakon ƙarar azurfa mai zaƙi sai na ji "kwaf" kamar murfin kwalba. Na rubuta wa mai kayan, shiru. Na rubuta wa masu shafin, bayan mako biyu aka ce mini mu sasanta tsakaninmu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Fatakar tana nan na ajiye ta, nakan nuna wa duk wanda ya ce zai fara wannan harka.

Inda na samu natsuwa shi ne MA-Shops, shafin Jamusawa. Ba gwanjo ake yi ba, kuma ba kowa ke buɗe rumfa ba, dillalan da sana'arsu ke nan aka tara wuri ɗaya, kamar layin ƴan gwal a kasuwa. Kowane kaya da farashinsa a rubuce, in ya yi maka ka biya. Nan na samo abin da na fi shekara biyar ina nema: aninin 1907 na sanholo, irin na farkon nan mai rubutun Nigeria British West Africa, da tauraro mai tsini shida a baya da rubutun Larabci a gaba. Sanholo ba ya jure gumi da damina, shi ya sa tun 1908 aka koma wani ƙarfen, kuma yawancin waɗanda suka rage duk sun yi ƙuraje. Wannan dillalin ya sa hoton gaba da baya manya, har da wani ɗan tabo kusa da hudar bai ɓoye ba. Ya rubuta matsayinsa da "ss", gajarcen Jamusanci na wanda ya ɗan sha hannu amma rubutunsa na nan raɗau. Abin da na gani a hoto shi ya fito daga ambulan, cikin ɗan kwali mai tagar leda, mara nauyi kamar ɓawon gyaɗa. Na biya fiye da abin da wataƙila zan biya a gwanjo in na yi sa'a, amma ban kwana ina fargabar sikeli ba. Mai zama Ingila dai ya tuna cewa tun 2021 kayan da suka fito daga Turai na iya haɗuwa da haraji a hanya, ya sa wannan a lissafi. VCoins ma haka tsarinsa yake, sai dai ƙarfinsa ya fi ga kuɗin Rumawa da Girkawa da dirhamin daulolin Musulunci, ba fannina ba ne, leƙawa kawai nake.

Delcampe na ƙasar Beljiyam, wanda aka kafa a 2000, shi ne na fi shiga don nishaɗi. Masu tara kan sarki da tsofaffin katunan hoto sun fi yawa, kuma galibinsu masu jin Faransanci ne, don haka ƴan'uwanmu na Nijar su ne za su fi morewa. Nan na sayi dalar 1956, wato sefa biyar, ta Afirka ta Yamma ta Faransa mai kan barewa, kuma ina neman sulalla na ɓuge da sayen katin hoton Damagaram na zamanin da, abin da ban yi niyya ba. Numista kuwa kundi ne, kowane kwabo da nauyinsa da faɗinsa da ƙarfensa, kuma ana musaya tsakanin masu tarawa. Da na san shi da wuri da fatakar nan ba ta cuce ni ba. A can ne ma na gane wautar da na tafka tun farko, lokacin da na goge aninin kakata da lemun tsami da toka har ya yi ƙyalli ina jin daɗi, ashe a wurin masana gogewa kashe daraja ce.

Ga mai saye wanda ya san abin da yake nema, shagunan dillalai sun fi mini kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Ga mai sayarwa kuwa, musamman ƙaramin ɗan kasuwa mai kwabo na fam biyu da uku, ban ga abin da ya maye gurbin cunkoson babbar kasuwa ba. La'ada kaɗan a kan cinikin da bai faɗa ba ai babu ce. Ita ma eBay ta ɗan tsaftace ɓangaren sulalla daga baya, a Fabrairun 2012 ta hana baje kwaikwayon kuɗi gaba ɗaya.

Dattijona bai cika shekara a sabon wurin ba. Wata rana ina bincike a eBay na ga kwabon Sarki George na shida an ɗora shi a kan irin kwalin nan, da rubutun fensir a gefe. Na aika masa da gaisuwa, ya amsa cewa ƙananan kaya ya mayar can domin can mutane suke, masu kyaun kuwa ya daina bajewa ko'ina, jerinsu yake bugawa a takarda ya aika wa tsofaffin abokan cinikinsa ta gidan waya. Ya tambaye ni ko ya sa sunana a cikinsu. Na ce ya sa. A jerin farko da ya iso na samu taron 1959 mai kusurwa goma sha biyu da auduga a bayansa, sabo fil, bai taɓa shiga bakin zanin kowa ba.