Patch ko sauyawa da hannu?

Ɗalibai a Samaru sun yi ta tambayata: in ana son metod (wani aiki da aka rubuta a cikin manhaja) ta canza hali na ɗan lokaci a yaren rubuta manhaja na Python, `patch.object` za a sa cikin `with`, ko a sauya ta da hannu?

Duk kyauta ne, `unittest.mock`, ƙunshin kayan gwajin manhaja da `patch.object` ke cikinsa, na cikin Python tun sigar 3.3. Da `with`, `patch.object` na sauya metod a layukan da ke ƙarƙashinsa kawai, kana fita ta asali ta dawo, ko da kuskure ya auku. Da hannu kuwa, sai ka adana tsohuwar, ka maido ta a `finally`, sashen da ke gudana ko da kuskure ya auku. Na taɓa mantawa, wallahi har kiran asuba ina neman abin da ya ɓata sauran gwaje-gwajena.

Mai rubuta gwaji kullum, `patch` ta fi masa. Mai koyo da ke son ganin cikin abin, ya fara da hannu.