Jagoran fatsa a Hoodsport: kifin ne ya ci ƙoto, ko ƙugiya ce ta soke shi?

A farkon watan Nuwamba ni da ɗan ƙanwata muka biya wani jagoran fatsa domin ya raka mu yini guda a Hoodsport, wani ƙaramin gari da ke bakin mashigin teku na Hood Canal a jihar Washington ta Amurka, tafiyar kimanin awa 2 a mota daga Seattle. Abin da ya kai mu shi ne kifin chum, ɗaya daga cikin nau'o'in salmon 5 da suke hawowa kogunan wannan gaɓa ta tekun Fasifik. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi kuwa wata tambaya ce da ta tsaya mini a rai tun daga ranar: idan kifi ya taru ya yi cunkus har ruwa ya yi baƙi, shin wanda ya hau ƙugiya ƙoto ya ci, ko kuwa ƙugiyar ce ta tarar da shi a hanya ta soke shi? A ganina ƙimar jagora a irin wannan wuri ta rataya ne a kan yadda yake amsa wannan tambaya da aikinsa, kuma a nan ne mutumin da muka ɗauka ya ci halaliyarsa, ko da yake akwai inda hidimarsa ta gaza.

Cunkoson kifi a Hoodsport yana da dalili. A bakin rafin Finch, daidai inda yake zuba cikin ruwan gishiri, hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar tana da gidan ƙyanƙyasar kifi. 'Ya'yan chum ba sa daɗewa a ruwan daɗi. Da zarar sun ɗan yi ƙwari sai su gangara teku, su yi yawanci shekara 3 zuwa 5 a can, sannan su biyo ƙamshin ruwan da suka fito daga cikinsa su dawo domin su yi ƙwai. Rafin ƙarami ne, masu dawowa kuma ba su ƙirguwa, saboda haka sai su yi ta kai da kawo a gaban bakinsa garke-garke, suna matsowa idan teku ta ciko, suna ja da baya idan ta janye. A wannan lokaci kamanninsu sun riga sun fara sauyawa: farin azurfar teku ya dushe, zane-zane masu launin shuni da kore sun sauko a gefen jikinsu, mazan kuma muƙamuƙinsu ya lanƙwashe, haƙora sun fito zaƙo-zaƙo, abin da ake dangantawa da laƙabin kifin kare da mutanen yankin suke yi masa. Nauyinsa yakan kai kilo 4 zuwa 7, kuma yana da ƙarfin ja wanda ya fi girman jikinsa.

Gardamar da masu fatsa suke yi a kansa tana da tushe. Salmon na Fasifik yana daina cin abinci idan ya doshi wurin ƙwai, kuma dukansu mutuwa suke yi bayan sun gama. Saboda haka akwai waɗanda suka tsaya a kan cewa kifin da ya rufe cikinsa ba shi da abin da zai kai shi ga ƙoto, duk wanda aka ja a irin wannan taro an soke shi ne kawai, ko mai sandar ya sani ko bai sani ba. Na yi wa jagoran namu wannan magana tun muna sa kaya a bakin mota, da sassafe, ana yayyafi. Bai musa ba gaba ɗaya. Ya ce mafi yawan kifin da za mu ga ana ja a ranar sokakke ne, amma chum kifi ne mai zafin rai, yana kai cizo ga abin da ya tsaya masa a gaba don fushi ko don saba da ya yi a teku, musamman wanda bai daɗe da isowa ba. Ya ce ba sai mun yarda da bakinsa ba, mu bari mu ga inda ƙugiya za ta zauna a jikin kifi, domin ita ce shaidar da ba ta ƙarya.

Kayan da ya haɗa mana su ne suka fara nuna mini irin mutumin da muka samu. Kowannenmu ya sami sanda mai ɗan tsawo, da ɗan gora na soso wanda yake yawo a saman ruwa, da gajeren zare a ƙarƙashinsa, da ƙugiya guda ɗaya tak wadda aka danne ɗan haƙorin da ke hana ta fita, kamar yadda dokar kamun salmon a ruwan gishirin wannan yanki ta tanada. Ƙoton kuwa iri biyu ne: ƙaramin kifin ancobi, ko kuma wata ƙugiya mai kan dalma da aka yi wa ado da gashi ruwan hoda, aka maƙala mata ɗan yankin jatan lande. Ya daidaita tsawon zaren yadda ƙoto zai rataya sama da bayan kifayen, ba a tsakiyarsu ba, ya kuma hana mu jefawa cikin tsakiyar garke, ya ce mu riƙa ajiye shi a gefe, ta inda garken ya dosa. Hikimar a fili take idan mutum ya tsaya ya duba. Kifin da yake son abin da aka rataya sai ya bar 'yan'uwansa ya ɗago ya ɗauka, wanda ba ya so kuma ya wuce ta ƙasa ƙugiya ba ta taɓa shi ba.

Abin da ya fi wuya a koya shi ne haƙurin hannu. Goran yakan yi rawa, ya karkata, wani lokaci ya ɗan nitse ya dawo, duk saboda bayan kifi yana gogar zare. Jagoran ya tsaya kusa da kafaɗata yana maimaita cewa kada in fizga, sai na ga goran ya nitse sak ya zauna a ƙasa. A karo na farko da hakan ta faru na ɗaga sanda a hankali, sai na ji kan kifi yana girgiza, bugu bayan bugu, kamar ana jijjiga ƙofa daga ciki. Da muka kawo shi bakin gaɓa, macen chum ce mai sauran haske a jiki, ƙugiyar kuma tana can cikin baki, a dasashin sama. Jagoran ya buɗe bakin da ɗan ƙarfensa ya nuna mini, ya ce wannan ita ta zo da kanta.

Na ɗan ƙanwata ya sha bamban. Garke ya juyo ba zato ya bi ta ƙarƙashin goransa, shi kuma ya fizga da ƙarfi, nan take zare ya fara fita da gudu ba tsayawa. Babu girgizar kai ko ɗaya, sai ja miƙaƙƙe mai nauyi, kifin yana tafiya a karkace, kuma ya ɗauki lokaci kusan ninki biyu kafin ya gaji. Tun kafin mu gan shi jagoran ya ce a baya aka kama shi. Haka kuwa aka yi: ƙaton namiji ne, ƙugiya ta shiga ƙasa kaɗan da fiffiken bayansa. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan fa ya fi naka girma, kuma ba da gangan na yi ba." Jagoran bai ɗaga murya ba, bai kuma ba shi kunya ba. Ya durƙusa cikin ruwa, ya zare ƙugiyar ba tare da ya fitar da kifin waje ba, ya riƙe shi ta wutsiya har ya dawo hayyacinsa ya fizge ya tafi, sannan ya ce wa yaron rashin ganganci yana wanke mai fatsa daga laifi, amma ba ya mayar da kifin nasa. Na ga ran yaron ya ɓaci na ɗan lokaci, amma daga nan har yamma bai sake fizga ba sai goransa ya nitse sosai.

Dokar Washington ta haramta sukar kifi da ƙugiya, wato neman kama shi ta hanyar da ba shi ne ya ɗauki ƙugiyar a bakinsa da son ransa ba, kuma a ruwan daɗi ba a yarda mutum ya riƙe kifin da aka kama a wani wuri ban da cikin baki ko kai ba. Sai dai akwai wata dabara da take ratsawa ta tsakanin kalmomin dokar, wadda masu fatsar can suke kira da sunan sakace haƙori da zare. Mutum yakan sa dogon zare, ya bar shi ya share ta cikin garke. Da yake kifi yana buɗe baki yana rufewa domin numfashi, sai zaren ya shiga tsakanin muƙamuƙansa, ya zame har ƙugiya ta zo ta kama gefen baki daga waje. A ido kifi ne da aka kama a baki, amma bai ciji komai ba. Jagoran ya nuna mini wani da aka ja kusa da mu, ƙugiya ta shiga daga waje ta doshi ciki, a kusurwar bakin da ke nesa da mai sandar, ya ce wannan ita ce alamar. Shi a wurinsa ba ya bari wanda ya raka ya tafi da kifi sai ƙugiya ta kama daga cikin baki, kuma wannan ya fi abin da dokar take nema tsauri. Na yaba masa a kan haka ƙwarai, domin jagora da hotunan manyan kifaye yake tallar kansa, kuma ya san cewa wannan tsari yana rage masa su.

Ba na ganin sukar kifi a matsayin abin ƙyama a ko'ina da kowane lokaci. Masuntanmu suna da mamari, dogon zare mai ƙugiyoyi barkatai marasa ƙoto wanda yake kama kifi a duk inda ya goge shi, kuma sana'a ce ta ciyar da iyali. A Alaska ma akwai wuraren ruwan gishiri, kamar Seward, inda doka ta yarda a soki salmon. A Hood Canal ɗin kanta 'yan ƙabilar Skokomish, 'yan asalin yankin, suna jan taru a kan wannan kifi, bisa haƙƙin tsohuwar yarjejeniyarsu da gwamnatin Amurka wanda hukuncin alƙali George Boldt na 1974 ya tabbatar, inda ya ba ƙabilun da ke da yarjejeniya damar kama har rabin kifin da aka yarda a kama. Amma wanda ya sayi lasisin fatsa ya shiga wata yarjejeniya ce ta daban, wadda sharaɗinta shi ne kifi ya ɗauka da kansa. Kuma ɓarnar fizge-fizge ana ganinta da ido: mun ga kifaye suna yawo da tsagaggen baya, wasu da ƙugiya da guntun zare a jiki. A wannan mashigi ne kuma ake da chum na bazara, wanda aka sa cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana tun 1999, saboda haka ɗabi'ar da mutum ya koya a kan kifin gidan ƙyanƙyasa a Nuwamba ita zai kai wa wanda ba shi da yawa a wani rafin.

Inda hidimar ta gaza ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da muka yi magana ta waya bai gaya mini cewa za mu tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutane ba, zare yana harɗewa da zare, wani yana jefa dalma ta saman kan wani. Na tafi da yaro, kuma da na sani da na nemi ranar aiki maimakon Asabar, na kuma saya masa tabarau na kariya tun daga gida. Wandon robar da ya ara mini, irin mai haɗe da takalmi wanda yake kaiwa ƙirji, yana yoyo a gwiwar hagu, ruwan Nuwamba kuma sanyinsa har ƙashi. Kafin azahar ƙafata ta mutu, ba shi kuma da wani na canji a mota. Kuɗin da ake biya ba kaɗan ba ne, kuma duba kaya kafin a ba baƙo yana cikin abin da aka biya. Haka nan sai da na tambaya sannan ya yi mana bayanin nama: chum da ya yi duhu namansa ya kan yi fari ya saki, ba ya daɗi a gashi, mai sauran haske ake zaɓa, kuma ko shi ya fi kyau a banda. Ƙwan macen shi ne abin da kasuwa take daraja, musamman a Japan inda ake kiransa ikura. Wannan bayani ne da ya kamata baƙo ya ji kafin ya yanke shawarar kifin da zai riƙe.

A ɓangaren takardu ba ni da ƙorafi. Kwana biyu kafin tafiya ya tuna mana da lasisi da katin da ake rubuta kowane salmon da aka riƙe, ya kuma sa mu duba ƙa'idojin shekarar, domin adadin da aka yarda da ranakun buɗewa suna sauyawa. Yana ɗauke da alƙalami a aljihun ƙirji, kuma bai bari mun sake jefa ƙoto ba sai da aka rubuta kifin da ya gabata.

Wanda burinsa shi ne ya ji sanda tana lanƙwasa daga safe har yamma zai ga kamar wannan jagora yana riƙe masa hannu, domin na kusa da mu sun ja kifi fiye da mu nesa ba kusa ba. Wanda kuwa yake son ya koyi bambance cizo da suka, ko yake tafe da yaron da yake son ya fara da hannu mai tsabta, zan tura shi wurinsa ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya tambayi yawan jama'a a ranar da ya zaɓa, ya kuma gwada wandon roba kafin ya shiga ruwa. Mu biyun mun kawo kifi 9 bakin gaɓa. 4 a baya ko wutsiya aka kama su, aka sake su a cikin ruwa, 5 kuma a cikin baki. Daga cikin waɗannan muka riƙe mata 2 masu haske, jagoran ya yanke su ya zubar da jini nan take ya sa a ƙanƙara, washegari kuma muka jiƙa naman a ruwan gishiri da sukari muka yi bandarsa da itacen alda.