GARGAƊI: mai sayar da faya-fayan kiɗan fim ya cinye mini jaka 185

Jaka ɗari da tamanin da biyar. 185.000 sefa. Na rubuta da baki na rubuta da lamba don kada wani ya ce ya karanta ba daidai ba. Kuma tun kafin ku fara, masu cewa "kai ma wa ya aike ka sayen sidi a zamanin nan da komai ke cikin waya" don Allah ku yi haƙuri ku wuce, na sha jin wagga magana a gida, uwargida ta faɗa, ƙanena ya faɗa, har yaron shagona da nike biya albashi ya faɗa da ido.

Wanda bai san harkar ba bari in ɗan yi mishi bayani don ya gane me ya sa mutum mai hankalinshi zai kai ga haka. Kiɗan da ake sa ma fim, wanda babbar ƙungiyar makaɗa ke yi, mutum tamanin ko ɗari da goge da ƙaho da ganguna, in fim ya hito ba duka ake sakawa a faifan da ake sayarwa ba. Sidi guda bai ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 80, faifan garmaho na da ma bai kai nan ba, sai su tsinto wasu wurare su yanke su haɗa. Sauran na nan ajiye shekara da shekaru. Daga baya wasu ƙananan kamfanoni irin La-La Land da Intrada a Amurka, Quartet a Sipaniya, Music Box a Faransa, su nemi izini su ɗauko asalin naɗin su gyara sauti su fitar da shi cikakke, har da wuraren da anka naɗa amma ba a sa a fim ba, da ɗan littafi mai kauri na bayani. Kuma ƙidayayye suke bugawa, ƴan dubbai, in ya ƙare ya ƙare, sai dai hannu na biyu da tsada. To mu nan Maradi ina za mu same shi? Ka zagaye babbar kasuwa kaf ba ka samun ko guda, kuma ko ka saya ta intanet kuɗin aikowa kaɗai ya isa ya kashe ma jiki, balle jira.

Shi ya sa da mutumin nan ya ɓullo a gurup ɗinmu na WhatsApp na tsaya na saurare shi. Ya ce kawunshi ne ya yi zama Faransa shekaru, ya rasu, ya bar katon-katon na faya-fayai a ɗaki magada ba su san darajarsu ba suna son zubarwa. Ya turo hotuna. Akwati ukun nan na cikakken kiɗan Howard Shore na The Lord of the Rings, waɗanda sunka hito 2005 da 2006 da 2007, na farko da na biyu sidi uku-uku da DVD, na ukun sidi huɗu da DVD. Da na Titanic na James Horner mai faifai huɗu da La-La Land ta fitar 2017. Da wanda ya kama ni da gaske, na Maurice Jarre na fim ɗin Umar Mukhtar wanda Tadlow ta Ingila ta fitar, faifai biyu, da kiɗan The Message a ciki. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san kiɗan The Message ko bai san sunan Jarre ba, tun muna yara muke jinshi ta talabijin, to ni ina son in riƙe shi a hannuna tsabtatacce ba wanda anka kwaso daga YouTube da muryar mutane a kai ba.

Ni ba yaro ba ne a harkar nan, kuma ban tura kuɗi haka kawai ba, a rubuta wannan a ajiye. Na ce ya yi mini bidiyo ya yi. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya aza kan akwatin, ya rubuta ya aza. Na jarraba shi da tambaya, na ce wa ya rubuta bayanin cikin littafin na Shore, bai yi ko minti ɗaya ba ya ce Doug Adams. Na ce kiɗan fim ɗin Lawrence of Arabia da Tadlow ta fitar asalin naɗin 1962 ne, da gangan na faɗa don in ga ko zai bi ni, ya ce a'a yaya wancan sabon naɗi ne da makaɗan Prague sunka yi a 2010, kada wani ya ruɗe ka. Ku gaya mini, ɗan damfara nawa ne a ƙasar Hausa ya san wannan?

Amma ba nan ya kama ni ba. Inda ya kama ni, kuma wurin nan nike ta komawa ko barci ba ni iyawa, shi ne vokal ɗin da ya turo da dare bayan isha'i. Ya ce "yaya, tsakanina da Allah akwati na biyu DVD ɗinshi na da ƙarce, yanzu na duba, in na sayar ma haka ban gaya ma ba na ci haram, ka cire jaka goma." Shi da kanshi ya rage. Ban tambaya ba. Mutum ya rage ma jaka goma don tsoron Allah, da murya a sanyaye kamar mai jin kunya, har ina jin kukan jariri a bayanshi. Na saurari vokal ɗin nan yanzu ba iyaka, ina neman inda muryar ta yi rawa, babu. Jaka goma ya saki ya kwashe jaka 185. "In na sayar ma haka na ci haram." Allah ya isa.

Kuɗin ga yadda sunka tahi. Jaka 60 abans. Sannan jaka 85 da ya ce ya kai kaya tasha, ya turo hoton katon an naɗe da sikoc da sunana da lambar wayata a jiki. A'a tsaya, kafin nan ma akwai maganar wani Alhaji na Zinder da ya ce shina son akwatunan duka zai ba da fiye da nawa, amma shi ya riga ya yi mini alkawari ba ya saɓawa, wannan ne ya sa na cika da sauri, ranar ma kuɗin da na ware na sayen kayan shago ne na taɓa. Sai kuma jaka 40 wai an riƙe kaya a hanya sai an biya duwan, ya turo wata takarda mai hatimi, yanzu da na duba ta da kyau ko kwanan wata babu. 60 da 85 da 40. Ku lissafa, jaka 185. Resi duka suna hannuna, kuma sunan da ya karɓi kuɗin farko daban da na biyu, ya ce ƙanenshi ne don shi katinshi ya ɓace, wanda ke aika kuɗi kullum ya san ana haka, ba wani abin mamaki ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai kaya sun zo hwa. Da bai aiko komai ba da na ce ɓarawo ne kawai. Ya zauna ya ɓata lokacinshi ya haɗa mini shara. Na hau kabu-kabu na tahi tasha na ɗauko, ban ma buɗe can ba sai da na kawo shago na kira abokina da muke wagga hauka tare don ya gani. Muna buɗewa ya yi shiru. Kwalin fotokofi ne mai launi an manna, littafin da ya kamata ya yi kauri takarda huɗu ce an buga da sitefula, rubutun ya dushe ba ya karantuwa. Na juya faifan, bayanshi shuɗi-kore, wato sidin da ake ƙonawa a kwamfuta wanda ake sayarwa ko'ina. Na kamfani bayanshi fari ne kamar azurfa, kuma a zoben tsakiya akwai lambobi ƙanana da alamar IFPI da anka buga tun daga masana'anta, waɗannan ba komai sai sunan kamfanin sidin banza. Akwati na uku da ya kamata ya zo da sidi huɗu, uku ne a ciki. DVD ɗin da ya rantse yana da ƙarce? Babu DVD ko guda a dukan katon ɗin. Ya rage mini jaka goma a kan abin da babu shi.

Na sa a kwamfuta duk da haka. Mp3 ne anka mayar sidi, na buɗe da manhajar duba sauti na ga sama da kilohaz 16 an yanke fes, wanda ya san harkar ya san wannan alamar mp3 ce, ba sautin sidin kamfani ba. Na Titanic faifai na uku waƙoƙin Indiya ne. Na Jarre, wanda saboda shi na shiga wannan duka, na farko bai karantuwa sam, na biyu kuma daga fim ɗin anka kwaso har ana jin takun dawaki da magana.

Hotunan da ya fara turowa kuwa abokina ya gano su a Discogs, shafin intanet na saye da sayar da faya-fayai, na wani mai sayarwa ne a Turai, har tabon da ke kan teburin iri ɗaya. Bidiyon ne ban gane yadda ya yi ba har yanzu, ko dai shina da na gaskiyar guda shina nuna ma kowa, ko wani ke yi mishi. Na kira, ya ɗauka sau ɗaya ya ce "yaya wallahi yaron da na aika ne ya musanya, ba ni zuwa gobe", goben ke nan, ya yi mini bulok, ya hita daga gurup. Wanda ya sa shi a gurup ɗin ya ce shi ma a Facebook ya gan shi bai san shi ba. To madalla.

Na kai ƙara, an rubuta, an ce in jira. Kaptir na hirarmu da resi da vokal ɗin nan na "na ci haram" duk zan ɗora su da dare in wuta ta dawo, sai na rufe lambobin mutanen da ba ruwansu tukuna.

In wani ya zo muku da labarin kawu da ya rasu ya bar faya-fayai, kada ku ba da ko dala sai kaya na hannunku. Ku ce ya juya faifan ya nuna zoben tsakiya a kiran bidiyo kai tsaye. Kuɗin duwan bayan an gama ciniki ƙarya ne.

Kuma jiya wani ɗan'uwa daga Tasawa ya turo mini saƙo, wata sabuwar lamba na tallata mishi akwati ukun nan dai, an ce mishi na biyun DVD ɗinshi na da ƙarce a cire jaka goma. Ya riga ya tura jaka 50.