Ofishin lauyan da ya karɓi ƙarar dakatar da ni daga aiki

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano. Da aka dakatar da ni, aka mayar da ni rabin albashi, wani abokin aikina ya kai ni wajen wani barista da ya ƙware a shari'ar ƙwadago.

Abin da ya fi burge ni, bai yi gaggawar kai ni kotu ba. Ya buɗe Dokokin Aikin Gwamnati, ya nuna mini cewa dole a ba ma'aikaci takardar tuhuma a rubuce, a ba shi damar kare kansa kafin a hukunta shi. Ya ce, "Malam, mu fara rubuta wa Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, in ba su saurare mu ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa." Ya ƙara da cewa tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba wannan kotun ita kaɗai hurumin irin wannan rikici.

Kuɗinsa da ɗan nauyi, gaskiya, amma ya yarda in biya kashi-kashi. Jira a ofishin ma akwai shi, musamman ranar Litinin. Duk mai zuwa, ya tafi da takardar ɗaukarsa aiki da kuma takardar tabbatar da shi a aikin.