Turancin Otal da Turancin Karofi: Sharhina Kan Kwas ɗin Wata Uku

Shekara huɗu ke nan ina zaune a teburin karɓar baƙi na wani otal a unguwar Nasarawa, nan Kano. Aikina rubuta sunan baƙo, miƙa makulli, amsa waya, da ba da haƙuri idan an ɗauke wuta kafin janareta ya tashi. Ranar hutuna kuma nakan zagaya da baƙin da ke son ganin gari: Gidan Makama, Kurmi, marinar Ƙofar Mata, idan mutum na da ƙarfin ƙafa mu hau Dala. Ɗan abin da ake samu a wannan zagayen wani watan yakan kamo albashin.

Ina da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC, kuma da shi nake taƙama, sai ranar da wani Ba'indiye ya tsaya a gabana ya maimaita magana ɗaya har sau uku, ni kuwa ina ta murmushi kamar sabon ango, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Manaja ya fito, ya saurare shi sau ɗaya, ya ce da ni, "Dutsen guga yake so." Kunyar ranar ce ta kai ni wata cibiyar koyar da Turanci da ke tallar kwas na musamman ga ma'aikatan otal da masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora. Ba zan kama sunanta ba, don akwai inda zan taɓa su, malaman kuwa mutanen kirki ne.

Kwas ɗin wata uku ne, kwana uku a mako daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba, sai safiyar Asabar. Kuɗin ya kusa albashina na wata biyu, amma sun yarda a biya kashi biyu. Ranar farko aka yi mana gwaji da ma'aunin nan na Turai mai matakai shida, daga A1 zuwa C2. Na faɗo a B1, wato dai tsaka-tsaki. Mu goma sha takwas ne a aji: 'yan otal irina, samari uku daga kamfanonin jirgin yawo masu kai mutane Umara, 'yan mata biyu da suka karanci girke-girke, da wani bawan Allah ɗan Maraɗi wanda Faransanci ya zauna a bakinsa, yanzu yana neman ya haɗa da Turanci.

Abin da suka iya, sun iya shi, kuma shi ne gyaran kunne. Malamar da ke ɗaukar mu saurare ta faɗa mana tun ranar farko cewa mu cire Baturen Ingila daga ranmu, don ba shi ne ke cika mana ɗakuna ba. Gaskiyarta. Duk wanda ya zauna a teburin otal a Kano ya san baƙinsa: 'yan China masu harka da Kantin Kwari, Indiyawa, Kwarori, Turkawa, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji daga ƙasashe barkatai, sai 'yan uwanmu na Legas da Fatakwal. Kowa da irin yadda yake tauna Turancinsa. Kullum sai ta kunna mana muryoyi daban-daban ta sifika, a ce wannan ɗan Masar ne yana ƙorafin na'urar sanyaya ɗaki, wannan 'yar Jamus ce tana son a tashe ta da asuba don jirgi. Mu rubuta abin da muka ji, ta sake kunnawa a hankali. Makon farko takardata fes take dawowa. Zuwa mako na shida na fara kama lambar ɗaki da lokaci da abin da ake so, ko da sauran maganar ta wuce ni. Kuma ta koya mana yadda ake cewa mutum ya maimaita ba tare da an nuna masa bai iya magana ba, wanda da na san shi da dutsen guga bai kunyata ni ba.

Sai batun bakinmu. Mu Hausawa ba mu raba "p" da "f" ba, don harshenmu bai raba su ba, haka ma "v" da "b". Shekara huɗu ina ce wa baƙi ina son "copy" na fasfonsu, wasu suna kallona suna mamakin me ya haɗa fasfo da kofin gahawa. Malama ta ba kowa ɗan yankin takarda ya riƙe a gaban leɓensa. Idan ka furta "p" daidai takardar za ta yi tsalle, idan "f" ce sai ta ɗan karkata kawai. Manya da gemu muna ta hura takarda kamar 'yan firamare, 'yan matan na ta dariya. Amma ya yi aiki. Har yanzu idan na gaji bakina na komawa gida, sai dai yanzu ina jin kaina idan na yi.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai a ajin. Ladabin Bahaushe a gaisuwa yake. Idan na yi maka ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya hanya, to na gama biyan haƙƙinka, zan iya cewa "ba ni fasfonka" ba wanda zai ji haushi. Turanci bai san wannan ba. Gaisuwarsa kalma biyu ce, ladabinsa kuma a cikin roƙon yake, sai ka juya umarnin ya koma tambaya. Ashe shekara huɗu ina gaishe da baƙi har su gaji, sannan in ba su umarni kamar ɗan sanda a shingen hanya. Wannan darasi kaɗai ya kusa biyan kashin farko na kuɗina. Rubuta imel da amsa waya ma an taɓa, ba laifi, ba kuma wani abin a zo a gani.

To, yanzu inda gizo ke saƙar.

Littafin da aka sayar mana, mai kyan takarda da hotuna, ba don mu aka rubuta shi ba. Babi guda a kan yadda za ka nuna wa baƙo jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Babi guda a kan otal ɗin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara. Babi guda a kan jera wa baƙo sunayen giya, a Kano! Ɗan Maraɗin nan ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni Agadas nake son kai mutane, ina babin raƙumi?" Aka yi dariya aka wuce, amma tambayarsa ita ce tawa. Bayan wata biyu na iya yi wa mutum kwatancen tashar jirgin da ban taɓa gani ba, amma ban iya faɗa masa abin da ke cikin karofin rinin da na tashi ina gani ba.

Ɗakin kwamfutar da suka sa hotonsa a takardar talla yana nan, amma abin sawa a kunne huɗu ne kawai ke aiki, mu goma sha takwas. Alkawarin tura mu manyan otal-otal mu yi mako biyu na gwajin aiki ya bi ruwa, kullum "ana magana da su." Takardar shaidar ma da suka kira ta ƙasa da ƙasa, ta cibiyar ce kawai, da tambarinsu. Wanda ke son karatu ko aiki a waje kada ya ruɗu, can jarrabawar Turanci ta IELTS ko makamanciyarta za a tambaye shi, mai sassa huɗu, saurare da karatu da rubutu da magana, maki har zuwa 9, kuma galibi shekara biyu ake karɓar sakamakonta. Wanda kuma ke son takardar sana'ar otal da yawon buɗe ido ita kanta, ya nemi NIHOTOUR, cibiyar horar da ma'aikatan wannan fanni ta gwamnatin tarayya, mai reshe a Bagauda. Wannan kwas ba ya maye gurbin ko ɗaya.

Abin da ya ceci kwas ɗin a wurina bisa tsautsayi ya zo. A mako na tara malamin magana ya yi tafiya, aka kawo wani dattijo ya riƙe masa, tsohon ma'aikacin gidan tarihi da ya yi ritaya. Ya buɗe littafin, ya duba babin ƙanƙara, ya rufe. Ya ce ranar Asabar kowa ya same shi a Ƙofar Mata ƙarfe tara, kuma kowa ya biya kuɗin adaidaitarsa.

Da muka taru ya ce shi yau Bature ne, bai san komai ba, kowa zai yi masa bayani minti biyar. Ni aka fara kira, don na yi ta cika baki cewa ina kawo baƙi nan. Na fara da abin da na haddace, cewa marinar nan tun 1498 take, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ya gyaɗa kai. Daidai lokacin wani tsohon marini ya ɗago zane daga cikin karofi, ya fito kore-kore, muna kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi a hannunsa. Malam ya nuna da yatsa ya tambaye ni da Turanci, me ya sa? Na yi tsit. Ba Turancin ne ya gagare ni ba, ko da Hausa aka tambaye ni ban sani ba.

Malam ya durƙusa kusa da tsohon ya ce, "Baba, a taimaka wa yaran nan." Tsohon bai ko ɗago ba, yana ci gaba da tsoma zanen yana ɗagowa. Ya ce, "Ɗan nan, iska ce ke rini, mu tsomawa kawai muke yi." Ya yi mana bayanin yadda ake haɗa baban rini da toka da kanwa a ruwa, a bar shi ya yi makonni yana ruɓa ana motsawa, har kumfa ta taso a san ya nuna. Ya ce yawan tsomawa da ɗagowa shi ke sa shuɗin ya yi duhu. Ya nuna mana katsi, wato lakar da ke kwantawa a gindin karofi, ya nuna mana rumfar masu bugu inda ake dukan zane da gudumar itace har ya yi ƙyalli. Sai da ya gama Malam ya ba mu kalmomin Turancin, guda shida ko bakwai kawai, ya ce kowa ya sake gwadawa. A karo na biyu maganata ba ta da ƙawa, amma ban tsaya ba.

Makonni ukun da ya yi da mu haka ya tafiyar da su. Ya sa kowa ya sayi littafin rubutu, shafin hagu abin da mai sana'a ya faɗa da Hausa, shafin dama yadda za ka faɗe shi da Turanci a jimla gajeru. A Kurmi ya sa mu bayyana yadda fatar jan akuyar Sakkwato ke ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ya ba mu labarin Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafin garin nan har Tambutu da Tarabulus. A Gidan Makama ya hana mu fassara sarauta. Ya ce Makama Makama ne, Galadima Galadima ne, ka faɗi sunan sannan ka faɗi aikin, kada ka laƙaba musu muƙaman fadar Ingila. Shi ne ma ya sanar da ni cewa "durbar" da baƙi ke tambaya ba kalmarmu ba ce, Turawan mulkin mallaka ne suka zo da ita daga Indiya, kuma da sunan ne UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Baƙo zai ce durbar, kai ne za ka rarrabe masa Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa.

Da malamin asali ya dawo, muka koma littafi, babin filin jirgin sama. Mun roƙi a bar mana dattijon ko da Asabar kawai, aka ce ba ya cikin tsari.

Idan kana teburin otal ko ofishin sayar da tikiti, kuma matsalarka kunne ce da waya da ladabin magana, kwas irin wannan zai yi maka amfani, sai dai ka je ka ga ɗakin kwamfutar da idonka kafin ka biya, ka kuma ce a rubuta maka batun gwajin aikin a rasit. Idan jagoran baƙi kake son zama, tambayi abu ɗaya: sau nawa za a fita da ku daga aji? In aka fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Ni cikin goma na ba su shida, biyu daga ciki na dattijon ne.

Watan jiya na kai wata mata 'yar Holan da mijinta Ƙofar Mata. Zane ya fito kore, ta buɗe baki za ta yi tambaya, na riga ta. Mun yi kusan awa a wurin, ta sayi zane uku, tsohon marinin ya ce in riƙa zuwa. Daga nan mijin ya nuna min bidiyon hawa a wayarsa, mahaya sun sako dawaki a guje sun ja linzami a gaban Sarki suna jinjina, ya ce mene ne sunan wannan? Na ce jahi. Ya ce da Turanci fa? Shafin dama na wannan har yau babu komai a kansa, na dai yi masa bayani da hannu.