Sharhi kan aikin cire ƙararrawar tsaro a ginin haya a Yamai

Ginin da muka kama haya a unguwar Yantala domin ɗinki da ajiyar yadi mun same shi da ƙararrawar tsaro, wadda ɗan hayar da ya riga mu ya saka, ya kuma tashi bai bar wa kowa lambar sirrinta ba. Ba mu da bukatarta tunda maigadi yana kwana a ƙofa, ita kuwa da zarar an ɗauke wuta sai ta ɓarke da kuka ko da tsakar dare ne, har maƙwabta suka kai ƙara wurin mai gida. Da izininsa muka kira wani mai gyaran irin waɗannan na'urori, kuma a kan aikinsa nake wannan sharhi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai taɓa ko waya ɗaya ba sai da ya gano tushen matsalar. A cikin akwatin da ke sarrafa na'urar akwai batiri mai ƙarfin volt 12, wanda aikinsa shi ne ya riƙe ta idan babu wuta. Irinsa yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma zafin Afrilu da Mayu a Yamai, wanda ke wuce digiri 40, yana rage masa kwana. Namu ya kumbura, farin gari ya taru a bakin wayoyinsa. Jiniyar da ke bangon waje kuma tana da nata batirin dabam, an ƙera ta ne ta yi kuka da kanta duk sa'ad da wuta ta daina zuwa mata daga akwatin, domin yanke waya shi ne abin da ɓarawo zai fara yi. Ke nan wanda ya sa almakashi ya datse wayar da nufin samun barci, ƙara ta da ita zai yi.

Saboda haka ya bi aikin daki-daki. Ya fara sanar da maƙwabta cewa za su ji ƙara na ɗan lokaci, domin akwai ɗan maɓalli a ƙarƙashin murfin jiniyar da ke tayar da ita idan an buɗe. Ya hau tsani ya zare batirinta, sannan ya raba akwatin da wutar gida mai volt 220, ya cire babban batirin, ya naɗe bakin kowace waya da tef.

Duk da haka akwai inda ya gaza, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Bai faɗi kuɗin aikinsa ba sai da ya gama, ya bar ramukan kusoshi a bango ba a toshe ba. Wanda ya fi damuna shi ne tsofaffin batiran da ya ajiye a ƙasa ya tafi, alhali babban yana ɗauke da dalma da ruwan batiri, ga yaran masu ɗinki suna kai da kawo a wurin.

Zan iya ba da shawarar a kira shi, da sharaɗin a daidaita kan kuɗi da toshe ramuka da kwashe batiri tun kafin ya hau tsani. Ɗan haya kuma ya karɓi izinin mai gida a rubuce, ya tattara akwatin da jiniyar da na'urorin ƙofofi a kwali ɗaya ya miƙa masa, don kada a neme su a hannunsa ranar tashi.