MSc ko MPhil? Kafin ka biya kuɗin digiri na biyu a fannin muhalli

Duk ɗan unguwar Nima a Accra da ya taɓa ganin babbar kwata ta cika ta tumbatsa, ko ya tuna ambaliya da gobarar daren 3 ga Yuni 2015 a Circle, ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin wannan karatu. Abin da ƙannenmu ke tambaya shi ne ina za su kai kuɗinsu.

Fara da aikin da kake so. MSc yawanci shekara 1 ce, darussa da ɗan bincike, daidai da mai aiki a hannu. MPhil shekara 2 ce, ta biyun kusan duk bincike. Mai burin koyarwa a jami'a ko PhD, kada ya yaudari kansa da gajeriyar hanya, MPhil ce tasa. Sai dai ya tanadi kuɗin mota zuwa daji da na gwajin samfur, don sau da yawa daga aljihunsa za su fito.

A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai cibiyar C3SS mai koyar da sauyin yanayi da ci gaba mai ɗorewa, da IESS ta muhalli da tsafta. Ribarta kusanci: trotro daga tashar 37 ya kai ka, ka kwana gida, ga hedikwatar EPA, hukumar kare muhalli, da ta WASCAL, cibiyar binciken sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma, duk a Accra.

Ni dai in ruwa da ƙasa ne a ranka, jami'ar KNUST ta Kumasi nake ba ka. Kogin Offin na kusa. Ɗebo ruwansa a kwalba inda ake galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ka ga ya koma kamar shayi mai madara, ka kai ɗakin gwaji ka auna abin da ke ciki. Wannan ƙwarewar ce kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin aiki ga muhalli suke nema, tun da dokar 1999 ta wajabta shi kafin manyan ayyuka. A KNUST ɗin ne kuma WASCAL, da tallafin Jamus, take gudanar da PhD kan sauyin yanayi da amfani da ƙasa.

Jami'ar UENR ta Sunyani ta fi karkata ga daji da makamashi.

Ko ina ka zaɓa, duba ko GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, ta amince da kwas ɗin, kuma ko ana koyar da GIS, wato zana taswira da nazarinta, a kan kwamfuta ba a allo kawai ba. Sannan ka je sashen da ƙafarka, ka nemi ɗalibin shekara ta biyu ka tambaye shi yaushe rabonsa da ganin malamin da ke duba bincikensa.